Man Turare a Kwalbar Tela

Zuwa ga Yaya Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da fama da marasa lafiya. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo miki, domin bangon shago siriri ne, kuma kin san a waya bakina harɗewa yake yi.

Wata safiya kwanakin baya, kafin mu buɗe ƙofar gaba, ina tsugune bayan kantar shago ina wanke kwalabe, na ga Yaya Babba yana haɗa ruwan sigarin lantarkin nan da ya fara sayarwa, wanda ake zuba wa ɗan ƙarfe a zuƙi tururinsa. A kan teburin da muke haɗa turare yake yi, da mazurarinmu da sirinjinmu. A ranar, ɗanɗanon da yake saya yana zubawa a ruwan ya ƙare masa, ga Tela maƙwabcinmu yana jiran kwalbarsa. Sai na ga man turaren nan mai ƙamshin lemo a hannunsa, yana ɗigawa a ciki. Da ya girgiza bai haɗu ba. Wasu ƙananan idanu suka taso sama, kamar maiƙo a kan ruwan wanke-wanke. Na ce masa wannan fa na shafawa ne. Ya ce shekara nawa muna shaƙarsa a shagon nan, wa ya mutu? Na koma kan wankin kwalabena.

Yanzu Tela yana kwance a asibiti. Tari ya fara, sai zazzaɓi, sai numfashi ya gagara. Sun ce ciwon huhu ne, ana ta allura, ba sauƙi. Da likita ya tambaye shi ko yana shan sigari, ya ce ya daina, kuma gaskiya ya faɗa, don da wannan ƙarfen ya daina. Ba wanda ya ambaci ƙarfen.

Ni ban yi nisa a boko ba, ke ce a cikin aikin jinya. Ki gaya mini ko abin da na gani yana da haɗi da kwanciyarsa. In babu, in samu in yi barci.

Baba yana gaishe ki. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A tsaye na karanta takardarka, a tsaye nake ba ka amsa.

Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma haɗin yana da ƙarfi. Hanci daban, huhu daban. Abin da kuke shaƙa a shago ƙamshi ne kawai. Shi kuwa Tela man kansa aka ɗumama ya zuƙa, kuma huhu ba ya iya wanke mai, kwanciya yake yi a ciki ya kumbura shi. Ko ɗanɗanon da ake sa wa abinci ba duka ne ya dace a zuƙa ba, balle turare. In likita bai sani ba, zai yi ta yaƙi da ƙwayar cutar da wataƙila babu ita. Ka kai masa kwalbar yau, ka faɗa masa abin da ke ciki. Mazurari da sirinjin nan kuma kada su sake taɓa turare, domin nikotin, sinadarin tabar da ke cikin ruwan, ta fata ma shiga yake yi.

Na kira Yaya Babba. Ya rantse bai taɓa sa turare ba, wai baƙin ciki kake yi masa tun da ya fara samu. Na san halinsa, na san naka. Amma ka gaya mini, ban da kai wa ya gani?

Ka gaida Baba. Allah ya ba Tela lafiya.

Yayarka

*

Yaya Nas,

Sallama da gaisuwa, da sannu da aiki. Ba ina ganin laifinki ba ne, amma kiran da kika yi ya riga ni.

Yana ajiye waya ya kwashe duk abin da ke kan teburin ya tuttular a kwata, ya goge katakon da sabulu har yana ƙyalli. Mutumin da tun muna yara bai taɓa wanke kofin da ya sha shayi ba. Daga nan ya tafi wajen matar Tela, ya ce ta ba shi kwalbar zai canza masa da sabuwa in ya warke. Ta ba shi har da godiya.

Abin da bai sani ba, Tela ba ya yawo da babbar kwalba. Yakan zo in ba shi ƙaramar kwalbar turare wankakkiya, ya tsiyaya kaɗan, ya ajiye a aljihun keken ɗinkinsa tare da allura da man keke. Na karɓi mabuɗin shagonsa wajen matarsa da sunan zan rufe masa taga. Tana nan, rabi, idanun man suna yawo a sama.

Ina fitowa na yi kiciɓis da Yaya Babba a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce, “Dubi takardar da ke jikin kwalbar nan. Sunan wa ke kai? Ba nawa ba ne, ba naka ba ne, na Baba ne. Ka kai, gobe a rufe shagon, a kira tsoho gaban hukuma.” Na ce Tela fa? Ya ce kwalbar da aka samu kusa da man keke, wa ya san abin da mai ita ya zuba da hannunsa? In aka tambaye shi, abin da zai faɗa ke nan.

Da yamma na leƙa asibiti. An sa wa Tela abin numfashi a fuska, ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar, leɓunansa sun yi duhu. Matarsa ta biyo ni baranda da ƙaramarsu a goye, ta ce, “Auta, kai ne amininsa, kullum kuna tare. Me ya ci da ban sani ba?” Kwalbar tana aljihuna, hannuna a kanta. Na ce mata Allah zai kawo sauƙi, na sauko.

Baba bai ci abinci ba. Yana kan kujerarsa ta cikin shago, an kawo sabon kaya an miƙa masa ya shinshina kamar yadda ya saba, ya kau da kai. Kin san shi da hancinsa, da shi yake alfahari. Ya ce in sauke mai lemon daga kan kanta, kada ya ƙara ganinsa.

Tambayarki ta ƙarshe ki bar ni da ita tukuna. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salam. Kiran kuskurena ne, na karɓa. Amma haƙurin nan naka yau ba shi da amfani. Shago in an rufe ana buɗewa. Tela kuwa kowace sa'a ƙirjinsa ƙara cika yake yi, kuma in ya tafi a haka, za a bar wa 'ya'yansa maganar cewa shi ya zuba wa kansa man keke.

Na lura ka tsallake tambayata. Kai ba ka ƙarya, shiru kake yi. Ko wa kake rufa wa asiri, ka je ka faɗa masa abin da na rubuta maka a kan huhu, sannan ka tafi asibiti, da shi ko ba shi.

Ina jiran takardarka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka

*

Yaya Nas,

Sallama da gaisuwa. Na kai.

Likita ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka sake ɗaukar hoton ƙirjin, aka canza magani. Bai yi mana alkawari ba. Amma yau Tela ya janye abin numfashin da kansa, ya tambaye ni ko na rufe masa tagar.

Yaya Babba ya biyo mu, ya fara maganar man keke a gaban matar Tela. Bai ƙarasa ba, domin ba ni kaɗai na je ba. Wanda na je da shi ya ce wa likita turare ne, kuma ya faɗi ko wanne, ya ce a rubuta sunansa in hukuma ta tambaya.

Ki gaida maigida da yara, Allah ya saka miki da alheri. Kin tambaye ni wa ya gani ban da ni. Yana kan kujerarsa a waccan safiyar. Shi aka miƙa wa kwalabe ya shinshina, shi ya zaɓi mai lemon ya ce ya fi daɗi. Da shi kuma na je asibiti. Baba ne.

Ƙaninki,
Auta