Rumfar da na rufe da kwano

Anti Ummi Kulsum, don Allah ki taimake ni.

Ranar Alhamis, 6 ga Oktoba, 2022, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ina saman wani otal a unguwar Al Rigga, a ƙasar wajen da na zo aiki. Wata biyar ke nan da na gama karatun injiniya, wata biyu da fara aiki a sashen gyare-gyare. An ce in kafa wa baƙi Yahudawa rumfa, mita huɗu da shida, don wani idinsu na kwana bakwai. Saboda zafin garin nan, na rufe samanta da kwano ruf, na duba kowace ƙusa sau biyu.

Wani dattijo cikinsu, Shimon, ya hawo, ya duba, ya yaba aikin, sannan ya roƙe ni in cire kwanon duka. Ya ce rufin sai ganyen dabino, inuwa ta fi rana yawa, amma a bar ƙofofin da za a hango sama. Na ce iska za ta ɗauke shi. Ya ce ai ma'anar ke nan: kakanninsu sun yi shekara arba'in a jeji tare da Annabi Musa, gajimare ne rufinsu, shi ya sa suke barin gidan siminti su tuna Wanda ke tsaron mutum. Masu ilimin ɓoye na addininsu, in ji shi, suna kiran wannan inuwa inuwar imani, kuma kowace rana suna gayyatar ruhin baƙo ɗaya, daga Ibrahim har Dawuda, rabon abincinsa a ba talaka.

Anti, ni mutum ne mai kulle ƙofa sau uku. Tun da na zo ban yi barcin kirki ba, ina tsoron a sallame ni, bizata ta mutu. Amma da muka jera ganyen na zauna, haske na ɗigowa a hannuna, tsigar jikina ta tashi, hawaye ya zubo. Tsoron ya tafi, kusan minti goma. Shimon ya gayyace ni cin abinci a rumfar. Tun ranar nake tsoron imanina ya taɓu.

Abin da ban sani ba: ko na yi zunubi da na gina ta; ko natsuwar daga Allah take ko daga Shaiɗan; me ya sa ta zo ta bakin wanda ba Musulmi ba; ko in je cin abincin.

Mai Aune-aune, Hor Al Anz

Ɗana Mai Aune-aune,

Kwantar da hankalinka. Tsoron da kake yi wa imaninka abu ne mai kyau, kuma ba zan ce ka jefar da shi ba. Addininsu daban, namu daban, kuma zancen gayyatar ruhohi ba namu ba ne. Ka bar musu.

Amma ka duba abin da ya sa ka kuka. Ba ka yi shakkar Allah ba, tuna Shi ka yi. Annabi Musa namu ne, labarin gajimaren nan ka ji shi tun kana islamiyya, kuma sunan abin da ka ji tawakkali. Ka haddace kalmar tun tuni, sai a saman otal ta shiga jikinka. Allah ne ke zaɓar bakin da tunatarwa za ta fito.

Hukuncin gina rumfar, kai wa malamin da ka amince da shi, ni ba mai fatawa ba ce. Batun gayyata kuwa, in ni ce, zan je da rana in gaishe da dattijon, don ya mutunta ka. Ka yi bisimillarka, ka ci abin da ka tabbatar halal ne, ka nisanci giya in akwai a teburin, in sun fara addu'arsu ka yi sallama. In zuciyarka ba ta kwanta ba, aika masa da dabino ya wadatar.

Aikinka kuwa, ci gaba da duba ƙusa sau biyu, don haka aka ɗauke ka. Amma ƙofar ɗakinka, yau ka kulle ta sau ɗaya ka kwanta. Allah ya tsare ka, ya ba ka barci mai daɗi.

Anti Ummi Kulsum