Kwanukan Baba na bayan magariba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah ya kai haske makwancinki, na kawo miki ƙarar mijinki. Kin san ba ni da wani wurin kai ta.

Tun da kika tafi, sukarin Baba ya daina jin magana. Da rana lafiya lau, amma duk safiya in an auna kafin ya karya, sai a tarar ya hau. Shi wai abu mai sauƙi ne, a ƙara masa allurar insilin ta dare. Har na kama shi yana shirin ƙarawa da kansa, ko tabarau bai saka ba. Likita ta gaya mana wanda ya yi haka, sukarinsa na iya faɗuwa yana barci, ba wanda ya sani. Na rasa ki bana, ba zan iya rasa shi ta wannan hanya ba.

Likitar ta ƙi taɓa allurar, ta ce mu auna kafin kwanciya da asuba, mu kuma lura da abin da yake ci. Na ce ai ni ke aiko masa, tuwo kaɗan, miya da yawa. Duk da haka na baro gidana na unguwar Dar es Salam, na dawo gidanmu na Wadata in gani da idona.

Ana idar da magariba sai ga dambu daga gidan Hajiya Hamsatu. Ban rufe baki ba, ga fura daga matar tela. Kafin isha'i Fati Bazabarma ta aiko shinkafa da kifi. Baba ya ci nawa, ya bi nasu ɗaya bayan ɗaya, wai ba a maida hannun kyauta baya. Ashe ina tufka, unguwa na warwara.

Na bi gidajensu ina jin nauyi, ina neman yadda zan ce a daina ban ɓata zumunci ba. Kowace sai ta fashe da kuka. Ashe ke kika riƙe hannunta a asibiti, kika roƙe ta kada a bar Malam ya kwana da yunwa. Kowace ta zaci ita kaɗai kika ba amanar.

Haba Inna! Ke da kika yi shekaru kina ɓoye masa gwangwanin sukari?

Yanzu sun shirya tsakaninsu, kwano ɗaya kowane yammaci, yawanci kwaɗon zogale. Sukarin safe ya fara sauka, likita ta ɗan gyara allurar da kanta.

Jiya na gaya masa ke ce kika bar musu amanar ciyar da shi. Ya ture kwanon. Can ya jawo shi, ya yi bisimilla, ya cinye tas yana share ido da hannun riga.

Allah ya jiƙanki, ya ciyar da ke daga abincin aljanna kamar yadda kike ciyar da shi har yau.

Ƴarki mai kewarki,
Zeinabu