Abin da Aka Rubuta a Ƙirjin Rigata

Xiaobei, Guangzhou
Ranar Talata

Zuwa ga Saffana, sanyin idona, raɓar asubahi mai sauka a kan ƙeƙasasshiyar gona, kurciyar da kukanta ya fi mini kowane kiɗa daɗi, ƙoramar da ban taɓa zuwa da ƙishi na koma da shi ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki kamar yadda ganye ke lulluɓe kuka a tsakiyar damina.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna, alhali jiya ma mun yi waya. Kawunki Shitu ne zai miƙa miki ita. Na zaɓi alƙalami ne saboda muryata ta saba yi miki ƙarya, shekara guda da wata bakwai ke nan tana yi, har ta ƙware, ba ta ko rawa. Da wane ido zan dube ki, ya ke wadda ba ta taɓa ɓoye mini ko ciwon kai ba? Da wane baki zan kira ki tawa?

Kin tuna ranar wasan ƙarshe na gasar jami'o'i? Ke da ba kya son hayaniya, ke da ko dokar ƙwallon kwando ɗaya ba ki sani ba, kika zo kika zauna a benci na uku, kin kare rana da takardun lacca. Da abokan karawarmu suka jefa ƙwallo a ragarmu, sai kika miƙe kina tafi ke kaɗai a tsakiyar 'yan makarantarmu, kowa ya juyo yana kallonki. Na hango ki daga tsakiyar fili, dariya ta kama ni har Koci Ilu ya daka mini tsawa. Bayan an tashi kika miƙo mini zoɓo mai ƙanƙara, kika ce ke dai kin ga ƙwallo ta shiga, kuma kin ɗauka duk wadda ta shiga tawa ce. Wayyo Saffana! Haka kike tun asali, duk wani alheri da kika gani a duniya sai ki jingina mini shi. Wannan kyakkyawan zaton naki shi na samu na hau, na yi ta sukuwa a kansa.

A ranar ne Mas'udu ya tare ni a bakin fili, mutumin da ya ce shi dillalin 'yan wasa ne. Ya auna tsawona da ido, ya ce irina ba a aji ya kamata ya tsufa ba, akwai kulob a China da ke neman dogo mai tsalle, kwantiragi na jira, sa hannu kawai ya rage. Koci Ilu ya ce in dakata. Mahaifiyata, bayan kwana biyu, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, na kuwa san ba haka zuciyarta ta so ba. Ke kuma kika rako ni daga laburare har bakin ƙofar makaranta, ba ki ɗaga murya ba, ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Samista biyu ne fa, Zayyad. Kwandon nan ba guduwa zai yi ba." Ni kuwa, da girman kai irin na wanda aka saba yi wa tafi, na ce miki ƙafar ɗan wasa ba ta jiran takarda. Na bar aji uku da jarrabawa a gabana, ko sallama ban yi wa shugaban sashenmu ba.

To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa miki ba. Babu kwantiragi. Gwaji ne, kuma kwana goma sha ɗaya ya yi. Na tarar da dogaye irina har bakwai daga ƙasashe daban-daban, kowa da irin alkawarin da aka yi masa, gurbi kuwa ɗaya ne. A rana ta sha ɗaya tafinta ya kira ni gefe, ya ce kocin ya yaba tsallena, amma ina da sauran koyo, in je in ƙara shekara biyu ina buga wa makaranta. Kin ji? Maganarki ce ta biyo ni har nan, ta fito daga bakin mutumin da bai taɓa ganinki ba. Na kira Mas'udu, wayarsa ba ta shiga, har yau kuma ba ta sake shiga ba. Da yammar nan kika kira ni kina ɗoki, kika tambaye ni yaya aka yi. Na ce miki an ɗauke ni.

Kalma uku ce, hasken raina, amma ita ta haifi duk sauran.

Hotunan da na riƙa turo miki kuwa, ni ne a ciki, filin ma na gaske ne, jama'ar ma na gaske ne. Sai dai ba kulob ba ne. A garuruwan da ke kewaye da nan, masu masana'antu kan shirya gasa lokacin bukukuwansu, kowane mai gida, wanda suke kira lawban, ya ɗauko baƙi dogaye haya su buga masa don a san sunansa. Yau ina wannan ƙauye, jibi ina wancan, a sallame mu a bakin mota kamar 'yan ƙodago. Jar rigar nan da kika ce ta fi kowacce yi mini kyau, wadda kika sa hotonta a fuskar wayarki, kika tambaye ni me aka rubuta a ƙirjinta da rubutunsu, na ce miki sunan kulob ɗinmu ne, wai Damisar Kudu. Saffana, sunan wata masana'anta ne mai ƙera masai na tangaran, irin na zama. Tallansa nake yi da ƙirjina. Shi kika yi wata da watanni kina nuna wa ƙawayenki.

Ba sana'ar nake rainawa ba, wallahi. Da na faɗa miki tun farko, na san da dariya za ki yi, irin dariyarki mai kama da yayyafin farko, ki ce to Allah ya sa masai ɗin ya yi kasuwa. Abin da ke ci na shi ne na mayar da ke mai yaɗa ƙaryata ba da saninki ba. Na sa harshenki mai tsarki ya ɗauki abin da bai dace da shi ba.

Wata tara da suka wuce, a wani fili na siminti da ruwan sama ya jiƙa, na yi tsalle na sauko a karkace, na ji gwiwata ta dama ta yi ƙara kamar an karya rake. Likita ya ce jijiya ce ta yage. Zan yi tafiya, zan yi sallah a tsaye, amma tsallen da na bar makaranta dominsa ya tafi. A makon ne na ce miki an ba mu hutun tsakiyar kakar wasa. Ina kwance a ɗakin da bangonsa ma gumi yake saboda laimar garin nan, ke kuma kina ta yi mini addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wanda ya tsince ni shi ne Alhaji Kallamu, wani dattijo mutumin Maraɗi mai shagon aika kaya a nan unguwar Xiaobei. A masallaci ya ga ina ɗingishi, ya tambayi labarina, ya ba ni aiki. Ina ɗaure diloli, ina naɗe kwalaye da salatif, ina rubuta sunayen masu kaya, Kano, Yamai, Damagaram. Tsawon da aka ce zai kai ni duniya, yanzu amfaninsa shi ne ɗora kwali a saman wanda kowa ya kasa kaiwa. Ya sha ce mini in faɗa wa mutanen gida gaskiya, ni kuwa kullum sai in ce sai na warke.

Ranar da aka yaye ku, kika turo mini hotonki da hula da alkyabba, fuskarki kamar hantsi bayan ruwa. Na zauna a kan dila na ƙirga 'yan ajinmu a bayanki ɗaya bayan ɗaya, har na ga inda da ni zan tsaya. Kika ce kada in damu, kowa da hanyar da Allah ya buɗe masa. A ranar kuma kika gaya mini cewa Abba ya sake tambayar matsayina, kin nuna masa hoton jar rigar, kin ce masa ina da sana'a, ya ƙara mana lokaci. Kin tsaya gaban mahaifinki kin kare ni da abin da babu shi! Wace irin ƙasa ce za ta yarda ta tsage ta haɗiye mutum irina? Ni ne giginya, Saffana, na yi tsawo na banza, na kusa da ni bai sha inuwata ba.

Sauran labarin Kawu ya sani. Da kika ce zai zo sarin kaya, kin ba shi lambata da saƙo, kin ce lallai in kai shi ya ga wasana, sai na ce masa ƙungiyarmu ta tafi Beijing, sai bayan mako uku. Shekaranjiya da hantsi aka turo kaya daga kasuwar Baima, dila goma sha biyu na dogayen riguna. Ina durƙushe ina ɗaure ta huɗu, salatif a bakina, sai na ji sallamar da na sani. Na ɗago. Kawu Shitu ne tsaye da rasit a hannu.

Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi gwiwar da na ɗaure da bandeji, ya gaishe ni kamar a ƙofar gidanku muka haɗu, har da tambayar gajiya. Da ma ya mare ni! Ya jira na gama ɗaure kayansa duka, muka yi azahar tare, ya kai ni gidan abinci ya sa aka kawo mana tuwo. Sannan ya buɗe jakarsa ya ba ni dambun naman da kika yi mini da hannunki, da 'yar takardar da kika rubuta cewa ɗan wasa yana buƙatar ƙarfi. A nan ne na kifa kai a kan tebur, ƙato da ni, a gaban mutane. Da na natsu ya ce, "Ɗana, ba daga bakina ya kamata ta ji wannan ba. Jirgina ranar Alhamis ne. In ka rubuta, zan kai. In ba ka rubuta ba, kada ka ƙara kiranta."

Ga shi na rubuta, ya furen da ban cancanci ƙamshinsa ba.

Ban zo roƙon ki yafe mini yau ba, wannan ya fi ƙarfin bakina. Ki yi fushi, hakkinki ne. Ki cire hoton nan daga wayarki. In kin ga ba za ki iya sake yarda da maganata ba, ba zan ce kin yi zalunci ba, ni na sayar da yardar da araha. Abin da zan faɗa miki kawai shi ne abin da na riga na aikata, don alkawarina ba shi da sauran daraja a wurinki sai an gani a ƙasa. Jiya na kira Koci Ilu na faɗa masa komai. Ya ce zai raka ni wurin shugaban sashe, amma in sani ba lallai su karɓe ni ba, in ma sun karɓa, wataƙila in maimaita aji uku ko in koma ƙasa da haka. Na ce ko aji ɗaya ne zan zauna. Na kira mahaifiyata ita ma. Alhaji Kallamu ya ce in gama masa wannan watan, ranar biyar ga watan gobe in kama hanya.

Zan dawo ba kofi, ba riga, da ɗingishi, in zauna a bayan aji tare da waɗanda suka shigo ina buga wa makaranta wasa. Za a nuna ni, za a yi dariya, na kuwa san zan iya ɗaukar wannan. Wanda ban san ko zan iya ɗauka ba shi ne shirunki.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki je gaban Abba ki warware ƙaryar da ba ke kika ƙulla ba. Ki bar mini wannan. Ki ba ni izini in zo zaurenku da ƙafata, in durƙusa a kan wannan gwiwar, in faɗa masa da bakina cewa 'yarsa gaskiya ta faɗa masa iyakar saninta, ni ne maƙaryacin. Abin da ya yanke bayan nan, da abin da kika yanke, zan karɓa. In amsarki e ce, ki ce wa Kawu ya turo mini kalma ɗaya. In a'a ce, ba sai kin wahalar da kanki ba, zan gane.

A cikin duk abin da na faɗa miki daga garin nan, abu ɗaya ne bai taɓa zama ƙarya ba, shi ne wanda nake rufe kowace waya da shi. Ina son ki, Saffana, son da ƙasa ke yi wa ruwa. Ko kin buɗe mini ƙofa ko kin rufe, babu wata da za ta zauna inda kika zauna, har ranar da za a miƙe wannan dogon jiki a auna masa ƙasa.

Naki, mai sunkuyar da kai a gabanki, mai riƙe da amanar sonki har ƙarshen numfashinsa,

Zayyad