Wasiƙar Baba a Shafi na Casa'in

Talata, 4 ga Maris

Ban taɓa gaya wa kowa ba: wasiƙar Baba tana cikin littafin soyayyar da nake karantawa, ban kai ta gidan rediyo ba. Na ce masa na kai.

Wani shiri suke yi duk Asabar, wai a zaɓi mawaƙin da ya fi kowa tun da aka fara waƙa, kowa ya rubuto hujjarsa. Baba kuwa mutumin Mai Farar Hula ne, wani tsoho da ya rasu tun ba a haife ni ba. A shagon askinsa kullum musun ke nan. Ranar da na kai masa abinci ya zaunar da ni kan bencin jira, ya ce rubutuna ya fi nasa kyau. Yana faɗa ina rubutawa, almakashi a hannunsa, an bar wani bawan Allah da rabin kai. A ƙarshe ya ce in sa "daga mai aski da 'yarsa".

Matsalar ke nan. Suna karanta wa duniya daga wa wasiƙa ta fito.

Laraba, 5 ga Maris

Kuma Dogo ne ke karɓar wasiƙu a ƙofa. Yayan ƙawata, yana koyon aiki a can. Shi Yaron Zuma yake so, mawaƙin zamani, kamar duk 'yan ajinmu. Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini magana, ya tambaye ni gwanina, na ce Yaron Zuma mana. Har na ƙara da cewa waƙar tsofaffi barci take sa ni. Ya yi dariya. Na yi sati ina tuna dariyar.

Alhali babu waƙar Mai Farar Hula da ban haddace ba. A banɗaki nake rerawa, in na kunna famfo.

Asabar, 8 ga Maris

Baba ya kashe injin aski lokacin shirin, ya hana kowa tari. Aka karanta wasiƙu da yawa, babu tasa. Makaniken da ke kusa da shagon ya ce, "Maigida, gwaninka ko a rediyo ya mutu." Wani tela ya ce ai shi muryar mutumin kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Baba ya ce su Yaron Zuma inji ke yi musu waƙa, a ɗauke wuta a gani in za su iya ko atishawa. Aka yi ta dariya.

Da zan tafi ya ce, "Uwata, hannun wa kika ba?" Na ce wani dogo. Ko ƙaryar ma sai da na sako shi ciki.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban iya karatu ba. Duk lokacin da na buɗe littafin sai ya buɗe kansa a shafi na casa'in.

Laraba, 12 ga Maris

Ina taya Mama ninke tawul ɗin shago na tambaye ta me Baba ya gani a tsohon nan. Ta ce ba kin rubuta da hannunki ba? Na ce ya dai ce waƙarsa ta taɓa yi masa magana lokacin da bakinsa ya ƙi buɗuwa. Na ɗauka salon zance ne.

Sai Mama ta kama dariya har da zama. Wai lokacin da yake nemanta ya yi wata da watanni yana zuwa ƙofar gidansu, daga sallama sai "ya gida", sai ya tsaya yana kallon takalminsa. Rannan ya zo da rediyo mai kaset a hammata, ya ajiye, ya danna, ya juya baya. Waƙar ta ƙare bai juyo ba. Ita ta ce masa, "To na ji, kashe kar batir ya ƙare."

Ta ce, "Kunyar nan taki kina tsammanin daga sama kika samo ta?"

Na karanta littattafai sun fi a ƙirga, jaruman duk masu mota da daɗin baki. Babu wanda ya juya baya. Ban san me ya sa wannan ya fi tsaya mini a rai ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Gobe za a rufe karɓa. Da safe na ji Baba yana ce wa Mama ƙila hujjarsa ce ba ta kai ba, su can masu ilimi suke so. Bai ce ƙila ni ce ban kai ba. Ko a ransa bai kawo ba, shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Na ciro wasiƙar da niyyar goge "da 'yarsa" kawai, in aiki wani ya miƙa. Na riƙe abin gogewa har aka kira magariba.

Ban goge ba. Na ma ƙara sunana a ƙasa, da ƙananan haruffa dai, amma ana iya karantawa. Ba wai don komai ba, wurin ne ya yi fili.

Gobe daga makaranta zan bi ta can. In Dogo ya yi dariya ya yi. In bakina ya ƙi buɗuwa, zan miƙa masa in juya baya. An taɓa yin haka a gidanmu.