Zuwa Ga Baba Aslan, Kan Walimar Da Ɗanka Ya Yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'imar kabari.

Baba, a shagonka na darduma a unguwar Al Buteen ta Dubai na fara jin sunan mutanenka, Sharkasawa. Kai ka ba ni labarin yadda sojojin sarkin Rasha suka ƙone ƙauyukanku a duwatsun Kaukas, suka kora waɗanda suka tsira cikin jiragen ruwa, tekun Bahar Aswad ya cinye da yawansu.

Na tuna ranar da na kawo maka soyayyen kifi, ni da murnata. Ka ture farantin a hankali, ka ce, "Ba na cin abin da ya ci kakannina." Na ce ai wannan na tekun Dubai ne. Ka ce duk ruwan a haɗe yake.

To, ashirin da ɗaya ga Mayun bana, ɗanka Murad ya shirya taron tunawa da waɗancan kakannin naku. A otel fa, Baba! Da mai hoto, da abokan cinikinsa 'yan Rasha a teburin gaba. Ya sha baƙar rigarku ta gado yana juyi kamar ango. Kuma ka san abin da aka jera a tsakiyar tebur? Kifi. Gasasshe, har da lemon tsami a baki. Tir!

Sai ya jawo ni gefe yana habibi, habibi, wai in buɗe taro da addu'a tunda ni mutuminka ne, amma in tsaya kan zaman lafiya, kada in ce wane ya kashe wane. Wai "hijira" za a ce. Hijira! Kai ka ji rashin ta ido. Yaron da ka goya, yana tsoron kada kakanninsa su ɓata wa baƙi cin abinci.

Na karɓi abin magana, na ce Allah ya jiƙan waɗanda aka yi wa kisan ƙare dangi, na faɗi wanda ya yi. Tun ranar bai sake ɗaga wayata ba, khalas, shi ke nan, ko a jikina.

Kewarka ce dai ke damuna, Baba. Wallahi shayin la'asar ya daina daɗi.

Allah ya haɗa ka da su a Aljanna, waɗanda suka samu kabari da waɗanda ba su samu ba. Shi kuwa Murad, Allah ya shirye shi, don iyakar addu'ar da bakina ya iya yi masa ke nan.

Ɗanka na Kano,
Sabi'u