Na Karye a Gayyar Coci, Sun Bar Ni da Wa'azin Tururuwa

Anti Rifkatu, don Allah ki ba ni shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana zancensa.

Ni kafinta ne a Kambarawa. Da damina Fastonmu ya yi wa'azi kan tururuwa, wai kowacce dako take yi don 'yan'uwanta, sannan ya kira gayyar rufin ɗakin yara. Ni na hau sama, masu manyan riguna suna ƙasa suna nuni da yatsa. Katako ya ɓalle, na faɗo, ƙafa ta karye. Sau ɗaya suka zo dubiya da lemo, daga nan sai waya. In sun kira in ce da sauƙi, to me zan ce? Maƙwabcina Malam Lawal, wanda ba addininmu ɗaya ba, shi ke kai ni wurin mai ɗori a babur. Ɗorin bai kama ba, an sake sabo.

Yanzu dattijon coci, Baba Ishaya, ya aiko wai matata Saratu ta je girkin wata gayyar ranar Asabar, har da tuna mata tururuwa. Na ce ba inda za ta, kuma ni da cocin nan har abada. Sai kuka take, can aka yi mata baftisma, can danginta suke. Na tsane su, Anti. Ko tururuwar ai tana jan wadda ta ji ciwo zuwa rami.

Kafinta, Katsina

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Mutanenku ba su kyauta ba, ba zan wanke su ba. Wanda ya sa ka hawa rufi da sunan Ubangiji, wajibinsa ne ya zo ya ga ƙafar da idonsa. Neman matar majinyaci ta yi girki kuwa rashin ta ido ne.

Amma kai ma da naka. Kana ce musu da sauƙi, kana ajiye waya kana zaginsu. Ita kuma Saratu da ke jinyarka, ita ka ɗora wa horon.

Ka aika a kira Baba Ishaya, ka yaye zanen ka nuna masa ɗorin, ka faɗa masa gidanka ba mai fita nema. Abin da ya yi bayan ya gani shi zai gaya maka ko ka zauna ko ka tafi. Saratu kuwa ka bar ta da cocinta.

Ubangiji ya ɗora ƙashin nan, ya sanyaya maka zuciya.