Soda Ta Ci Hannuna

Argungu, daren Talata, watan Rajab

Yau na ga azaba, barci ma ya ƙi zuwa.

Jikana Bello, angon nawa mai karatun kimiyya a Birnin Kebbi, ya tarar zan jiƙa sodar yin sabulu. Ya auna sodar, ya auna ruwan, ya duƙufa lissafin zafin da za su fitar in sun haɗu. Ya ce, "Kaka, ruwanga ya yi kaɗan. Tafasa zai yi."

Na ce, "Ango, tafasa ba wuta? Da biro za ka hura ta?" Na juye sodar gaba ɗaya cikin bokitin ruwan.

Bokitin ya yi gurnani, ya watso mini ruwan a hannun dama, fata ta saɓule. Bello ya fizge ni zuwa randa, yana ta kwarara mini ruwa. Don zafi na gartsa mishi cizo a kafaɗa har jini, bai sake ni ba.

A asibiti an ce yatsun za su tsira saboda ruwan da Bello ya kwarara mini. Muna dawowa ya ce lissafinsa ya fita daidai. Na wurga mishi takalmi da hagu, ya sami akuya.